Nasiha ga ɗan da ke son barin hayaniyar birni

Ɗana,

Mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka fara cigiyar fili a ƙauye. Ta ce ka gaji da Kano, kana son wurin da mutum zai kwanta bayan isha'i ya yi barci har asuba babu janareta a kansa. Na lura so take in hana ka. Ni kuwa ba zan hana ka ba, domin abin da kake nema halal ne, kuma jiki na buƙatarsa. Sai dai akwai abubuwan da nake so ka riƙe kafin ka ƙirga wa kowa kuɗi.

Da farko kada ka bari wani ya ce maka raki ne. Duk wanda ke zaune a Kurna ko Rijiyar Lemo ko Hotoro ya san yadda yini ke tafiya. Da safe hon ɗin A Daidaita Sahu, da hantsi masu walda da injin markaɗe, da rana mai tallar maganin gargajiya da lasifika a kan mota, da dare kuma in an ɗauke wuta, gida goma janareta goma. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 wasu sun zaci gari zai lafa, sai babur mai ƙafa uku ya cike gurbin da nasa ƙugin. Masana na auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa tana kusan 30, hira ta yau da kullum kusan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin barci ta wuce 30 da dare. Wanda kuma yake yini awa takwas kullum cikin ƙarar da ta kai 85, kamar mai aikin injin niƙa, jinsa na raguwa a hankali, kuma abin da ya lalace can cikin kunne ba ya sake tofowa. Mutane kan ce sun saba. Hankali ne ke sabawa, jiki ba ya sabawa. Ido yana da marfi, kunne ba shi da shi, don haka ko kana barci zuciya na amsa duk ƙarar da ta shigo, kuma likitoci sun danganta daɗewa cikin hayaniya da hawan jini da ciwon zuciya da raunin karatun yara. Muna da doka a kan wannan, hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin ƙayyade ƙara tun 2009, amma ka san inda dokokinmu suke kwana.

To ga abin da ya fi komai nauyi a wasiƙar nan. A ƙasarmu ta yau shiru iri biyu ne. Akwai shirun garin da mutanensa suka yini a gona, suka ci tuwo, suka kwanta da wuri. Akwai kuma shirun garin da mutanensa suka watse, ko suke kwana da takalmi a ƙafa. Baƙon da ya zo da rana tsaka ba ya iya bambanta su, domin dukansu tsit zai ji. Ƙauyuka da yawa a gefen dajin Rugu, tsakanin Katsina da Zamfara, da dajin Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, sun yi irin shirun na biyu saboda 'yan bindiga. Fili a irin waɗannan wurare yana da araha, kuma arahar ita ce gargaɗin.

Dillali ba zai faɗa maka wannan ba, la'adarsa yake nema. Kai za ka duba da kanka. Ka ga ko ana noma gonakin nesa, ko kuwa kowa ya dawo na bayan gida. Ka ga ko shanun noma na kwana a turke a waje. Ka tambaya ko malaman makaranta da ma'aikacin asibiti a garin suke kwana, ko suna kama hanya kafin la'asar. Ka lura ko kasuwa na kai magariba tana ci. Ka zauna a tasha ka ji wace hanya ce direbobi ba sa bi in rana ta yi sanyi. Matambayi ba ya ɓata, amma ka tambayi wanda ba shi da abin sayar maka.

Saboda haka ka cire wa ranka hoton gida shi kaɗai a tsakiyar daji. Mutumin Kanada ko Amurka kan iya sayen kurmi ya kafa gida inda ba ya ko hango hayaƙin maƙwabci. Mu nan ba haka ƙasar take ba, kuma ba haka aka gina mu ba. Mutum rahama ne. Gobara, haihuwar dare, ɓarawo, gawa, duk ba a yi musu da hannu ɗaya. Ma'aunin da zan ba ka shi ne wannan: ka nemi wurin da in ka yi ihu cikin dare za a ji ka a kawo ɗauki, amma in samari na hira a dandali ba za ta hana ka barci ba. Galibi wannan gefen gari ne, bayan gidajen ƙarshe, ta ɓangaren da ba ya kallon titi ko kasuwa.

Magabata ma haka suka yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai zauna a Alƙalawa, babban birnin Gobir ba, ya zauna a Degel har lokacin hijira zuwa Gudu a 1804. Amma Degel ɗin cike take da iyali da almajirai da baƙi masu neman fatawa. Gardawan tsangaya kuma, in suna son tilawa ta zauna, sukan fita kiskadi a bayan gari, su yini cikin bukka da allo, yamma ta yi su dawo cikin jama'a. Sun nisanci hayaniya, ba su yanke da mutane ba.

In ka gamsu da tsaro, sai ka koma ga kunnenka. Yawancin masu sayen fili da ido suke saye: su ga itatuwa, su ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, su biya. Kai da yake shiru ka zo saye, dole ka saurara. Akwai wani Ba'amurke mai naɗar sautukan daji, Gordon Hempton, wanda a 2005 ya ajiye ɗan ƙaramin jan dutse a cikin kurmin Hoh da ke jihar Washington don nuna wurin da ya ce ya cancanci a kare shirunsa. Gwajinsa mai sauƙi ne: wuri ya yi minti goma sha biyar ba a ji ƙarar wani abu da ɗan Adam ya ƙera ba. Ya ce wuraren da suka ci wannan gwaji a duk faɗin Amurka ba su kai goma sha biyu ba, saboda jiragen sama da manyan tituna. Ka ari gwajin. Ka zauna a filin bayan sallar asuba, ka kashe waya, ka duba agogo, ka ƙirga sau nawa inji ya katse maka. Ba lalle ka samu cikakken minti goma sha biyar ba, amma za ka iya kwatanta wannan fili da wancan da hujja.

Kada ka tsaya a ziyara ɗaya. Neman mazauni kamar neman aure ne, ba a yanke shawara da kwalliyar ranar farko. Ka kwana a garin. Ka je ranar kasuwa, domin garin da ke kan hanyar Wudil ran Juma'a, ko Dambatta ran Lahadi, ko Maigatari ran Alhamis, tun daren jajibiri motocin shanu da na hatsi ke ratsa shi. Ka je lokacin bukukuwa, ka ji ko 'yan kiɗan zamani na kafa manyan lasifikoki har tsakar dare. Ka nemi inda gidan kallon ƙwallo yake, da shagon cajin waya, da injin niƙa, don kowannensu da janaretansa ko injinsa. Ƙauyen yau ba ƙauyen da ka sani kana yaro ba ne, babur ya shiga kowane lungu.

Sannan ka bi shekara da juyinta. Wurin da ya yi tsit da damina yana iya zama wani abu dabam da rani. Ƙasar Kura da Kadawa, da duk inda ruwan madatsar Tiga ke kaiwa, da fadamun Haɗeja, in noman rani ya kankama injinan ban ruwa ne ke kwana suna aiki. Da kaka kuma injin casar shinkafa da na sussukar masara su karɓa. Wannan neman halal ne na mutane, ba za ka ce su daina ba, sai dai ka san da shi kafin ka zo.

Akwai kuma 'yan abubuwa game da tafiyar ƙara da za su taimake ka. Na farko, dare na kai ƙara nesa fiye da rana. In rana ta faɗi ƙasa takan huce, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi, ta sama kuma ta fi ɗumi, sai ƙarar da da rana za ta tashi sama ta ɓace ta lanƙwaso ta dawo ƙasa. Shi ya sa a daren hunturu za ka ji tirela na hawa tudu a titin da ko fitilarta ba ka hangowa. Na biyu, iska na ɗauko ƙara. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, don haka ka duba ta wace kusurwa titi yake da filinka, za ka san watannin da zai dame ka. Na uku, nisa ba ya aiki iri ɗaya a kan kowace ƙara. Abu guda da ke wuri ɗaya, kamar janareta, duk lokacin da ka ninka nisanka da shi ƙararsa na raguwa da desibel 6. Titi mai yawan motoci kuwa, da yake doguwar ƙara ce a miƙe, a lissafi 3 kawai take raguwa. Kunne kuma sai an rage kusan 10 kafin ya ji kamar an raba ƙarar biyu. Ma'ana, ɗan matsawa kaɗan na iya raba ka da injin niƙa, amma babban titi irin na Kano zuwa Zariya sai ka yi masa nisa na gaske. Na huɗu, layi ɗaya na darbejiya yana rufe ido ne kawai, ba ya tare ƙara, sai in kurmi ne mai kauri. Abin da ke tarewa shi ne tudu, ko dutse, ko katanga mai nauyi da ta shiga tsakaninka da inda ƙarar ke fitowa. Fili a bayan tudu ya fi fili a kan tudu.

Bayan abin da ke nan yau, ka tambayi abin da ke tafe. An ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Bututun iskar gas daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, shi ma ya ratsa gonaki da yawa. Irin waɗannan ayyuka alheri ne ga ƙasa, amma suna zuwa da tifofi da sansanin ma'aikata da sabbin kasuwanni. In ka ga dutse babba kusa da gari, ka tambaya ko wani kamfani ya taɓa zuwa aunawa, domin inda ake fasa dutse da nakiya ba a zaman shiru. In ka ga an kafa turaku masu jan fenti a gonaki, ka nemi sanin na mene ne. Haka ƙarfen sabis: kana buƙatarsa don waya da intanet, musamman da yake aikinka na kwamfuta ne, amma da yawansu janareta ke riƙe da su dare da rana. Ka so shi a inda za ka hango shi, ba inda za ka ji shi ba.

Batun mallaka kuwa, ka bi a hankali. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. Amma kafin takarda akwai mutane. Ka fara da mai unguwa, ya kai ka wurin dagaci. Ka tabbatar gonar ba ta gado ba ce da ba a raba ba, domin ɗaya daga cikin magada kan sayar, bayan shekaru sauran su taso. Ka tabbatar ba jingina ko aro take a hannun mai sayarwa ba. A kira maƙwabtan gona ta kowace kusurwa a zaga iyaka a gabansu, a rubuta, shaidu su sa hannu. Kada ka sayi ko taku ɗaya na burtali ko makiyaya ko mashaya, ko da an rantse maka cewa shanu sun daina bi. Rigingimu da yawa tsakanin manoma da makiyaya daga nan suka faro. Ka kauce wa gandun dajin gwamnati irin na Falgore da gefensa. In filin na kusa da kogi ne, ka tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, su nuna maka alamar a jikin bango ko itace.

Sai abubuwan da shiru ba ya maye gurbinsu. Ruwa: zurfin rijiya nawa ne a garin, kuma tana ƙafewa da bazara? Hanya: burji ce ko kwalta, kuma mota na iya fita a watan Agusta in rafi ya kawo? Asibiti: in naƙuda ta zo da gardama ƙarfe biyun dare, ina za a nufa, kuma wa ke da mota? Karkara na da macizai, musamman lokacin shuka da girbi, kuma saran kububuwa ba ya jiran gari ya waye. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan fanni, amma ba kowa ke kusa da Kaltungo ba, don haka ka san asibiti mafi kusa da ke ajiye allurar dafin maciji. Makarantar yara ma ka shiga ka gani da idonka, ta boko da ta allo.

Kuma ka zauna da mai ɗakinka ku yi maganar nan da gaske. Kai kana da aikinka da littattafanka. Ita za ta bar 'yan'uwanta da maƙwabtanta da Islamiyyarta da 'yar sana'arta. Abin da kai za ka kira natsuwa, ita tana iya jin sa a matsayin kaɗaici. In ba ta amince da zuciya ɗaya ba, ka jinkirta, domin gidan da mace ke zaune a cikinsa bisa dole ba ya yin shiru ko a ina aka gina shi.

In ka zo gini, kada ka raina na iyayenmu. Bangon ƙasa mai kauri da rufin soro na azara sun fi bulo mai rami da kwano tare ƙara, sun kuma fi sanyi da bazara. In kwanon za ka sa, ka yi masa silin mai kyau, in ba haka ba ruwan sama kaɗai zai hana ku jin juna. Tsarin zaure da tsakar gida da ɗakuna a can ciki yana nesanta makwanci da hanya. Ka sa ɗakin barci ta ɓangaren gona, tagoginsa kada su kalli gari.

Abu na gaba shi ne wanda 'yan birni suka fi mantawa. Kada ka zama kai ne ka kai musu abin da ka gudo daga gare shi. Mutum ya bar Kano saboda janaretan maƙwabci, ya sauka a ƙauye da nasa wanda ya fi na kowa girma, wannan zalunci ne. Ka yi tanadin sola tun cikin kuɗin gini, ta ɗauki fitila da fanka da kwamfuta da famfon rijiya. Ka rage wa rediyo da waya murya. Cikin nasihar da Luƙmanu ya yi wa ɗansa, wadda Alƙur'ani ya kawo, akwai sassauta murya, kuma a yau muryar mutum ta haɗa da na'urorinsa.

Kada kuma ka je da niyyar gyara mutane. Za ka ji kiran salla, da luguden daka tun da sassafe, da carar zakara, da kukan jaki, da zabi, da kwaɗi duk daren damina, da guɗa ranar biki. Waɗannan su ne alamar gari na raye kuma yana cikin aminci. Wanda su ma suka dame shi, ya binciki kansa, wataƙila abin da ke hana shi sukuni a ƙirjinsa yake, kuma zai bi shi duk inda ya koma. Ka riƙa sallar jam'i, ka je jana'iza da suna, ka gaida marar lafiya, ka ba da motarka in an buƙata. In wata rana ƙarar wani ta dame ka, wanda ya ci gishirinka zai saurare ka cikin mutunci. Baƙon da ya ja doguwar katanga ya rufe ƙofa kuwa, ba mai jin kokensa, kuma ba mai leƙowa ranar da ya yi ihu.

Shawarata ta ƙarshe, kada ka sayar da gidanka na birni yanzu. Ka nemi aron ɗaki ko haya a garin da ya kwanta maka, ka ga damina da kaka da hunturu da bazararsa, iyali su riƙa zuwa suna kwana. Tafiya sannu sannu kwana nesa. In shekara ta zagayo kana nan a kan bakanka, ka yi istihara, sannan ka zo ka ɗauke ni mu je mu gaida dagacin tare, domin furfura na buɗe wasu ƙofofin da kuɗi ba sa buɗewa.

Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Baffanka.